Gishiri a Jikin Kifin Katako

Ranar da Injiniya Mijinyawa ya shigo ofishin 'yan sanda ya ce an sace masa kifaye, sajan da ke kan tebur sai da ya sunkuyar da kai don kada a ga dariyarsa. Riyad gari ne da ba a san shi da su ba. Ya tambayi mutumin ko daga firij aka kwashe. Injiniyan bai yi dariya ba. Ya ce na katako ne, kuma sun girmi sajan, sun girmi ubansa.

Aka miƙa shi wurin Sufeto Kamil.

A takarda muƙamin Kamil wani suna ne na Larabci, amma 'yan Najeriya mazauna garin Sufeto suke ce masa. Ɗan ƙasa ne. A Makka aka haife shi, can aka haifi ubansa. Kakarsa Hajar ce ta zo daga ƙasar Hausa a ƙafa tana yarinya, kuma daga bakinta Hausa ta zauna masa a kunne. Sai dai tun da ya sa kaki bai taɓa furta kalma ɗaya a gaban abokan aiki ba. Baƙar fatarsa ta ishe shi amsa tambayoyi, bai ga dalilin ƙara wa kansa wata ba. Su kansu Hausawan garin ba su san yana ji ba.

Mijinyawa dattijo ne mai tsafta, furfura ta cinye gemunsa, ya daɗe yana aiki da wani kamfanin gine-gine. Da Larabci ya yi bayani. Ya ce yana tara 'yan kifayen da masuntan zamanin da suke sassaƙawa da hannu, su maƙala musu ƙugiya, su ja su cikin ruwa don babban kifi ya ɗauka ɗan'uwansa ne ya kai cafka. Shida daga cikinsu sun ɓace. Ya kuma san wanda ya ɗauka, direbansa ne Isiyaku, domin ɗansa ya tsinci guda ɗaya a ƙarƙashin kujerar mota.

Kamil ya ɗauki sajan suka bi shi gida, a unguwar Malaz.

A falon baƙi wata doguwar durowar gilashi ta cinye bango guda. Kamil bai taɓa ganin irinta ba. Kifaye ne jere, ja da kore da ruwan zinariya, fentin wasu ya tsattsage don tsufa, kowanne kwance a kan ƙyalle. A lungun kowane hawa an ajiye ɗan kofin ruwa. Mijinyawa ya ce iskar Riyad busasshiya ce, idan ba haka ba katakon fashewa yake.

Hawan ƙasa ne babu komai sai shatin inda suka kwanta.

Kamil ya duba kwaɗon. Ba a fasa ba. Ya tambayi inda makulli ke zama, aka nuna masa saman durowar, inda duk mai tsawo zai miƙa hannu ya ɗauka.

"Waɗanne suka fi daraja a kasuwa?"

Mijinyawa ya nuna hawan sama. Ya ce wannan daga Amurka ya zo, an yi shi kafin yaƙin duniya na biyu, har da kwalinsa na asali. Wancan na Finland ne, wancan kuma na Japan.

"Su ɓarawon ya bari."

"Su ya bari."

"Na ƙasan fa, daga ina suke?"

Dattijon ya gyara tabarau. Ya ce a kasuwar tsofaffin kaya ya same su, ya manta wurin wa.

A nan ɗansa ya shigo da gahawa da dabino. Sunansa Mu'azzam, saurayi ne dogo, ya gama jami'a yana jiran aiki, farar rigarsa a goge. Yana zuba gahawa uban ya matsa kusa da shi, ya rage murya, ya juya harshe zuwa Hausa.

"Kada ka kuskura ka ambaci Yawuri. Kada ka ce na kakana ne."

Yaron ya amsa da Larabci cewa ya ji. Kamil ya kurɓi gahawarsa yana kallon kifin Japan, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Mu'azzam ya ba da jawabinsa tsaf, da Larabcin da ya fi na ubansa kyau nesa ba kusa ba. Ya ce ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ga Isiyaku a falo kusa da durowar. Washegari yana neman cajar wayarsa a mota hannunsa ya taɓo kifin. Saje ya rubuta, yaron ya sa hannu.

Isiyaku na zaune a ɗan ɗakinsa na bakin ƙofa, ya riga ya sa takalmi kamar mai jiran kira. Mutumin Gumel ne, sa'an Kamil ko ya ɗara shi kaɗan, Larabcinsa na hanya ne da na kasuwa. Da aka tambaye shi inda yake ranar Juma'a, ya ce yana masallaci har la'asar. Mijinyawa ya ce ƙarya ne, shi da kansa ya leƙo bayan azahar bai ga motar ba, masallacin kuwa a bayan gida yake. 

Da saje ya kama hannunsa sai Larabcin ya gudu ya bar shi.

"Alhaji, ni ne fa. Ni ne na riƙa saɓa yaron nan daga mota yana barci."

Mijinyawa ya kau da kai. Isiyaku ya juyo ya ƙura wa Kamil ido, ya dubi fatarsa, ya dubi hancinsa.

"Yallaɓai, don Allah kana jin Hausa?"

Saje na tsaye yana kallo. Kamil ya ce masa da Larabci ya sa mutumin a mota.

Wannan tambaya ta bi shi har gida. Ya zauna cin abinci da 'ya'yansa, babban ɗansa yana ta danna waya, shi kuwa yana ta juya abincin a faranti. Ya san hukuncin direban gida da aka kama da satar kayan kafilinsa, wato maigidan da ya ɗauko shi aiki. Bayan ɗauri sai tarhil, a sa shi a jirgi a mayar da shi ƙasarsu, ba zai ƙara dawowa ba.

Da safe ya sa aka fito da Isiyaku. Ya aiki saje sayo shayi a kantin da ya san akwai layi, ya rufe ƙofa.

"Zamna, bawan Allah," ya ce, da irin Hausar tsofaffin Makka.

Isiyaku bai zauna ba. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ashe kana ji."

"Ina ji."

"Jiya ma kana ji."

Kamil ya gyara biron da ke kan tebur, ya sake gyara shi. Sannan ya tura masa kujera da ƙafa.

Da ya zauna maganar ta fito da kanta. Isiyaku ya ce gaskiya ya yi ƙarya, amma ba don kifi ba. Duk Juma'a idan Alhaji ya kwanta bayan azahar, yakan ɗauki motar ya yi ɗan kabu-kabu, ya kwaso mutanenmu daga unguwar Baɗha ya kai su Suwaidi. Iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, ta direban gida ce, ya san laifi ne, shi ya sa ya laƙaba wa masallaci. Kamil ya ce yau ba wannan yake tambaya ba.

"Idan aka kore ni don kabu-kabu, na koma gida da fuskata," in ji Isiyaku. "Amma ɓarawo? 'Ya'ya mata gare ni, Yallaɓai. A Gumel magana ba ta mutuwa."

Kamil ya tambaye shi ko ya taɓa riƙe kifayen. Ya ce shi tsoron na ƙasan ma yake ji, don idan aka girgiza su ƙara suke yi. Kuma Alhaji ba ya barin kowa ya taɓa, shi da kansa yake goge su da man kaɗe, yana yi yana musu magana kamar jikoki.

Kamil ya ciro wanda aka tsinta a mota daga leda, ya kai shi bakin taga.

Tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Baƙi ne wuluk don tsufa, babu fenti, idanunsa 'yan duwatsun ado ne ja. An naɗe cikinsa da siririyar fata, aka ɗaure da zare mai ƙulli-ƙulli. Ya girgiza shi a kunne, ya ji wani abu na motsi a ciki.

Amma abin da ya tsayar da shi wani fari-fari ne da ya bushe a tsagin sassaƙar. Ya dangwala da yatsa ya kai harshe. Gishiri ne. A jikin ƙugiyar kuma ɗan guntun ganye ya maƙale, busasshe, mai jijiya uku. Ganyen magarya. Ƙullin zaren ma biyu a warware suke, ba yanka aka yi ba, da farce aka bi su.

"A garinku idan mutum ya tsinci laya a gidansa yana tsoronta, me yake yi da ita?"

Isiyaku ya ce ko dai a ƙona, ko a kai wa malam ya duba, masu gaggawa kuma su jefa a masai.

"Ba a jiƙawa a ruwan gishiri da magarya?"

"A sha za a yi?"

 Kamil ya san inda ake haka. A nan ake yi. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya sha jin yadda ake warware sihiri: a bi ƙulli ɗaya bayan ɗaya ana karatu ana tofi, sannan a tsoma abin a ruwan gishiri da ganyen magarya. Mutumin Gumel ba zai yi haka ba. Ɓarawo mai neman kasuwa ma ba zai yi ba.

Ya koma Malaz shi kaɗai, rana ta take. Mijinyawa ne ya buɗe ƙofa. Ya ce Mu'azzam ya fita sayen maganin mahaifiyarsa.

Suna zama Kamil ya gaishe shi da Hausa, ya tambaye shi ya mutanen Yawuri.

 Dattijon ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya kasa ɗaga ido. Kamil ma bai ji daɗin kansa ba. Mutum biyu ne zaune a falo ɗaya, kowa ya kama ɗan'uwansa da abin da yake ɓoyewa.

Can Mijinyawa ya fara magana. Ya ce su Sarkawa ne, masunta gaba da baya. Kakansa ne ya sassaƙa kifayen nan da itacen giyayya don kamun giwan ruwa a kogin Kwara. Shi ne na farko a zuriyarsu da ya je boko, kuma a makarantar kwana yara suka riƙa toshe hanci idan ya wuce, suna cewa ƙarni yake. Tun daga nan ya daina faɗin sana'ar gidansu. Abokansa na Riyad duk sun ɗauka ɗan malamai ne. Sauran kifayen ma, na Amurka da na Japan, ya saye su ne don na kakansa su sami inda za su fake, a ce ai sha'awa ce irin ta 'yan boko. Daga baya sha'awar ta kama shi da gaske.

"Me ke ƙara a cikinsu?"

"Dalma ce da tsakuwa. Dalma don ya nitse daidai, tsakuwa don giwan ruwa ya ji motsi ya taso. A toshe da kakin zuma, a naɗe da fata kada ruwa ya shiga." Ya ɗago a karo na farko. "Amma kai ka san ƙasar nan, Sufeto. Baƙin mutum, abu naɗe da fata, da ƙulli a jiki. Wa zai tsaya ya ji bayanin tsakuwa? Shi ya sa na ce kasuwa na saya."

"Ka taɓa yi wa iyalinka wannan bayanin?"

Ya ce bai taɓa ba. Ya dai gaya wa Mu'azzam na kaka ne, kada ya taɓa, kada ya faɗa wa kowa.

Kamil ya ajiye kifin a kan tebur ya nuna masa gishirin. Mijinyawa ya ɗauka da hannu biyu, ya shafa tsagin da babban yatsa, fuskarsa ta yamutse. Ya ce gishiri kashe wannan itacen yake, kifin nan bai taɓa ganin teku ba, wane mara imani ne zai yi masa haka.

"Wa ke sayen ganyen magarya a gidan nan?"

Kamil ya ga lokacin da tambayar ta isa inda za ta isa. Hannun dattijon ya tsaya cak a kan kifin.

"Babu kowa."

"Ka ce mai ɗakinka ba ta da lafiya."

Ya ce Hajjo ta faɗi bara, ɓarin jikinta ya shanye. Likitoci sun ce hawan jini ne. Kamil ya tambaya ko an kawo mai ruƙiya ya yi mata karatu. Mijinyawa ya ce shi dai bai kawo ba. Da Kamil ya ci gaba da kallonsa, ya ce yaro ya taɓa kawo wani yana wurin aiki, amma wannan ai ba wani abu ba ne, kowa na yi.

Kamil ya miƙe ya ce yana son ganin saman bene.

Rufin gidan fili ne na siminti, zafi na tashi daga ƙasa yana dukan fuska. Babu komai sai tankin ruwa da injinan sanyaya ɗaki da igiyar shanya. Kamil ya zagaya bayan tankin.

Bokitin roba ne shuɗi, an kife masa tsohuwar darduma. Ruwan ya ƙafe saura kaɗan, ganye ya kwanta a ƙasa, gishiri ya yi zobe a gefe. Kusa da shi a kan kwali ga kifaye biyar, kowanne an tsaga shi gida biyu da wuƙar kicin. Fatar a gefe, zaren a warware. An jera abin da aka ciro daga cikinsu a layi, kamar wanda ya yi ta dubawa yana sake dubawa: guntayen dalma da 'yan tsakuwoyin kogi masu santsi.

Mijinyawa ya durƙusa a simintin nan mai ƙuna. Ya ɗauki ɓari biyu yana ƙoƙarin haɗa su, suna rabuwa. Kamil ya juya baya ya kalli rufin maƙwabta har sai da numfashin dattijon ya daidaita.

"Na janye ƙarata," in ji shi daga durƙushe. "Kayana ne, na yafe. A saki Isiyaku, a ce kuskure aka yi."

Kamil ya so ya ce to. Ya tuna ɗansa da wayarsa, ya tuna shi ma bai san rabin abin da ke kan yaron ba, kuma da shi ne a durƙushe abin da zai roƙa ke nan. Takarda ɗaya ce, ya san yadda ake rubuta ta.

"Kifi naka ne, kana iya yafewa," ya ce a hankali. "Amma ɗanka ya sa hannu cewa ya ga mutum yana sata. Mutumin ya kwana a kulle. Wannan ba naka ba ne, Alhaji. Idan na rubuta kuskure, har ya mutu za a ce rufa masa asiri aka yi."

Ya kira saje a waya ya ce ya kawo Isiyaku, su jira a ƙofar gida.

Suna nan a inuwar tankin Mu'azzam ya dawo. Uban ya leƙa ta saman katanga ya kira shi. Ya hawo da ledar magani a hannu, yana ganin bokitin ya tsaya.

Da farko ya ce bai san da shi ba, wataƙila Isiyaku ne ya hawo da shi. Kamil ya tambaye shi, da Larabci, wace sura ake karantawa idan ana warware ƙulli. Bakin yaron ya buɗe zai ba da amsa kafin hankalinsa ya riƙe shi. Ya rufe. Kamil ya ce ya yi wa Isiyaku irin wannan tambayar, shi ya zaci sha ake yi.

Ledar ta sulale daga hannunsa.

Bai kalli Kamil ba, ubansa ya kalla. Ya ce mai ruƙiyar da ya kawo ya yi wa Umma karatu, da zai tafi ya ce akwai abu a gidan, abin da ya fito daga ruwa, mai ƙulli, kuma muddin yana nan ba za ta tashi ba. Shi kuwa tun yana yaro yake ganin uban ya rufe falo, ya ciro baƙaƙen nan yana shafa musu mai yana magana ƙasa-ƙasa. An ce kada ya taɓa, kada ya faɗa. Me zai ɗauka? Ya ji tsoron kai maganar waje kada a kama uban nasa. Ya ji kunyar tambayarsa. Sai ya yanke shawarar warware abin da kansa, ranar Juma'a gida ya yi tsit.

"Na ɗauka zan ga rubutu, Baba, ko gashi, ko allura. Na fasa na farko, duwatsu. Na ce to na biyu. Har na biyar."

"Me ya sa ba ka tambaye ni ba?" in ji uban.

"Da me za ka ce?"



Kamil ya ce saura na shidan, yaya aka yi ya je mota.

 Yaron ya ce ya fara warware shi ya kasa ƙarasawa, ya sauko da shi a aljihu da niyyar faɗin gaskiya. Sai ya tarar da uban zaune a ƙasa gaban durowar yana kuka da sauti, abin da bai yi ba ko ranar da Umma ta faɗi. Uban ya ce duk wanda ya yi masa wannan bai yafe ba duniya da lahira. Daga nan ƙafarsa ta kai shi mota, ya cusa kifin ƙarƙashin kujera.

"Na ɗauka faɗa za ka yi masa ka bar shi, kamar kullum. Ban san za ka je wurin 'yan sanda ba. Da ka je kuma na riga na faɗa, sai na ci gaba da faɗa."

Kamil ya ce masa ya ɗauki maganin ya kai wa mahaifiyarsa, ya gaya mata zai fita, sannan ya same su a ƙasa. Ya san doka ba ta ce haka ba. Ya tsaya a bakin matakala har yaron ya fito, idanunsa jajir.

A ƙofar gida motar 'yan sanda na tsaye. Saje ya buɗe baya, Isiyaku ya fito yana ƙifta ido saboda rana, rigar jiya ce a jikinsa duk ta yamutse. Maƙwabta biyu sun tsaya a inuwar wani kanti suna kallo.

Kamil ya dube shi, saje na gefensa, ya yi magana da Hausa da ƙarfin da kowa zai ji.

"Malam Isiyaku, ba ka ɗauki komai ba. An gano wanda ya ɗauka. Ni ma na yi maka ba daidai ba, ka yafe mini."

Saje ya juyo ya kalli maigidansa baki sake. Kamil bai kula shi ba.

Isiyaku ya dubi Mu'azzam, ya dubi hannayensa da ya miƙa wa saje, sai ya gane. Bai yi zagi ba. Yaron ya yi ƙoƙarin haɗa Hausarsa mai tsami, ya ce, "Kawu Isiyaku," sauran ta maƙale. Isiyaku ya matsa gefe ya ba shi hanya. Mu'azzam ya sunkuya ya shiga, ya zauna a inda mutumin ya taso.

Mijinyawa ya tako har gaban direbansa. Ya cire hularsa, abin da Kamil bai taɓa ganin kafili ya yi ba. Ya ce ya shiga ya yi wanka ya ci abinci, ɗakinsa na nan yadda ya bar shi, za su yi magana.

"Alhaji, na yafe maka, na yafe wa yaro," in ji Isiyaku. "Idan an tambaye ni a ofis haka zan faɗa. Amma ka sa mini hannu in koma wurin wani kafilin."

"Isiyaku, shekara nawa muke tare."

"Su ne na tuna jiya a kulle."

Dattijon ya tsaya da hula a hannu, rana na dukan furfurarsa. Ya dubi direban, ya dubi motar da ɗansa ke ciki kai a sunkuye, ya rasa wanda zai fara bi. Daga ƙarshe ya gyaɗa wa Isiyaku kai.

Kamil ya shiga gaba ya ja ƙofa. Ya ce wa saje su tafi, kuma kada ya kunna jiniya, akwai mara lafiya a gidan.